Gurbin da Aka Bari a Waƙar Kaka

Ni fa ban tsani Renita Gaskins ba. Kawai dai da motar Detroit za ta dawo ta kwashe ta, ni zan ɗaukar mata jaka har tasha, in tsaya ina ɗaga hannu sai na tabbatar motar ta sha kwana.

Kafin ta zo ni ne gwanin badujalar makarantarmu. Lavell Stovall, mai turombon, kakakin nan da ake zugewa gaba a dawo da shi baya. In na busa a filin ƙwallo, har masu soya kifi a bakin ƙofa sai sun waiwayo. Sai ga wannan yarinya daga birnin Detroit ta sauka ajinmu na ƙarshe da tabarau da baƙar jaka, tana karanta takardar kiɗa kamar yadda nake karanta sunan abinci a bango. Tana buga fiyano, tana busa sarewa, kuma ba ta dariya. Mutumin da ba ya yi wa barkwancina dariya, ni da shi sai kallo.

Malam Tolliver, malaminmu na kiɗa, ƙato ne mai sanƙo, in ya yi fushi sanƙon ke fara sanar da kai. Rannan ya tara mu manya ya ce, bana ƙaramar badujala ce za ta je bikin dawowa gida na Cocin Dutsen Horeb, ranar da 'yan cocin da suka koma birane ke dawowa ziyara. Wato yaran aji shida, waɗanda bara ma ba su san ta wane gefe ake hura begila ba. Ya ce yana son ɗayanmu ya ɗauki tsohuwar waƙar yabo ta garin nan ya tsara musu ita, ya raba wa kowane abin busa nasa, daidai ƙarfin yaran.

Na ɗaga hannu har hammatana ta yi ƙara.

Ya duba ta saman hannuna ya ce, “Renita.”

Na ce, “Malam, ko tabarau ɗinka ne ya yi hazo? Ga hannu nan kamar sandar tuta.”

Ya ce, “Na gan shi, Lavell. Na kuma tuna abin da ka rubuta wa yaran nan bara. Yaro ɗaya sai da ya yi amai a cikin ƙahonsa.”

Wannan sharri ne. Yaron ya ci abinci ne da yawa. Amma gaskiya na ɗan kai su sama fiye da inda leɓensu zai iya.

Malam ya tambaye ta wace waƙa za ta ɗauka. Ta gyara tabarau ta ce, “Wadda tsohuwar nan take ɗagawa a Horeb ranar Lahadin farkon wata. Iya Ozella.”

Na fashe da dariya har na kusa faɗowa daga kujera. Iya Ozella kakata ce. A gidanta na tashi, a ƙarƙashin hularta na yi barcin coci tun ina cikin zane. Waƙar nan kuwa ba a buga mata fiyano, ba a taɓa mata ganga. Kaka za ta miƙe ita kaɗai ta jefa layi ɗaya, “Rana ta yi nisa, Uba, ban gama shuka ba,” sai jama'a su karɓa su ja shi a hankali, suna nishi suna lanƙwasa shi, har ka manta da inda aka faro. Sannan ta sake jefa wani. Tun ranar da aka ba ni turombon nake roƙonta ta bar ni in bi ta da shi. Amsarta ɗaya ce kullum: “Ƙarfe ba ya shiga waƙar nan.”

Na ce wa Renita, “'Yar birni, ki tafi da takalmin gudu. Tsintsiyar Kaka na da tsawo.”

Washegari da yamma na dawo gida, me zan gani? Renita a barandarmu, a kan kujerata, wadda ƙafarta ɗaya ta gajarta kuma ni kaɗai na san yadda ake zama a kanta. Kwano a cinyarta, tana ɓare wake tare da Kaka. Ba takarda, ba sarewa. Kaka kuwa tana ɓara tana gunjin waƙar ƙasa-ƙasa a maƙogwaro.

Na ce, “Kaka, mun ɗauki 'yar aiki ne ban sani ba?”

Kaka ta ce, “Mun samu mai zama wuri ɗaya ne. Kai wuce ka wanke hannu.”

Haka aka yi ta yi. Kullum na dawo, ga ta. Ta koyi inda muke ajiye kofuna. Ta san wace ƙofar kabad ce ke cijewa. Ran nan na ji da kunnena Kaka ta ce mata “'yata”. Ni kuwa sunana a gidan nan bai wuce “kai” ba, in an ji daɗina a ce “kai yaron nan”. Abin da ya fi ci mini rai shi ne kek ɗin dankali. Kowa ya san gefen da ya ɗan ƙone a tanda nawa ne. Na shigo na tarar da shi a farantin Renita, tana ci da cokali mai yatsu kamar a gidan gwamna.

Na samu Kaka a kicin na ce, “Shekara nawa ina roƙonki waƙar nan? Baƙuwa ta zo jiya-jiya kin ba ta.”

Ta ce, “Ita ba ta roƙa ba. Ta zauna ne. Abu ɗaya ta tambaye ni, a ina nake shan numfashi. Kai ka taɓa tambaya?”

“Ai na sani!”

“To me ya kawo kuka?”

Ba kuka nake ba. Albasa take yankawa.

Tun da na ga ba zan iya korar yarinyar ba, sai na shiga taimaka mata irin nawa. Na ce mata Kaka ba ta ƙaunar jan kaya a coci, tana ganin na 'yan duniya ne. Ta zo Lahadi cikin toka-toka kamar ranar jana'iza, ta tarar da Kaka ja wur tun daga hula har takalmi. Na ce mata al'adarmu ce baƙo ya gaida Fasto da “ranka ya daɗe, mai tarwaɗa”, don yana son kamun kifi. Ta faɗa masa kuwa, a gaban matarsa. Na ce mata karen maƙwabcinmu ba ya cizo in ka yi masa fito. Wannan dai na yarda na ɗan wuce gona, amma ai siket kawai ya kama.

Daga nan ta daina amsa mini. In na yi magana sai ta dubi bango ta ce, “Wani ya bar rediyo a kunne.”

Ranar da ta raba wa yara takardunsu na je ɗakin badujala, don Malam ya sa ni zama a bayan masu manyan ƙahoni in riƙa tallafa musu. Na karɓi takarda na duba da niyyar in sami abin dariya. Ban samu ba, abin ya ƙara mini haushi. Yarinyar ta san aikinta. Yaran nan sautukan da suka iya ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma a mataki ɗaya tak suke iya busa waƙa, in ka ɗaga ta sama kaɗan ko ka sauke ta, sun ɓace. A cikin 'yan sautukan nan ta zuba waƙar Kaka gaba ɗaya. Masu kilarinet, doguwar baƙar sarewar nan, ba ta kai su inda suke ƙara kamar an taka kyanwa ba. Masu begila ta ba su wurin hutawa kafin leɓe ya mutu. Manyan ƙahoni ta ba su dogon sauti guda, su riƙe kamar nishin dattawan bencin gaba a coci.

Amma kafin kowane layi akwai fili. Gurbi, babu komai a ciki, ba a rubuta sunan kowa ba.

Na ƙura wa gurbin ido. Nan ne wurin mai jefa layi. Wa zai cike shi in ba turombon ba? Wane abin busa ne ke lanƙwasa murya kamar tsohuwa in ba nawa ba? Sai kuma wani tunani ya zo: ko dai wa kanta ta ajiye, ita da sarewarta?

Na ce, “'Yar birni, wannan ramin fa? Tawada ce ta ƙare?”

Ta ce, “Ba naka ba ne.”

“Naki ne ke nan.”

“Malam, rediyon nan ya sake kunna kansa.”

Kwana da kwanaki ban ci abinci da daɗi ba. Ina kwance ina ganin ta a gaban coci, tana busa layin kakata, 'yan'uwanmu na Chicago da St. Louis suna share hawaye suna tambaya jikar wa ce. Har alewa na raba wa yaran don su gaya mini abin da suka ji. Kendrell, wani ɗan guntun yaro da ƙahonsa ya fi shi girma, ya cinye alewar tas sannan ya ce, “Yaya Lavell, ni ma ban sani ba. Akwai saura?”

Amsar ta zo da ƙafarta. Ana saura 'yan kwanaki biki, ƙofar ɗakin badujala ta buɗe, sai ga Kaka da jakarta a hannu. Malam Tolliver ya yi tsalle ya kawo mata kujera, sanƙonsa na sheƙi. Ta zauna, ta ɗora jaka a cinya. Renita ta ɗaga hannu, ɗakin ya yi tsit, Kaka ta jefa layin daga zaune, ƙasa-ƙasa, irin na baranda. Yara suka shigo daidai a kan muryarta, kamar an auna. Gurbin nata ne. Ƙarfe bai shiga layinta ba, sai dai ya amsa mata a madadin jama'a. Da wannan dabarar yarinyar ta shawo kanta.

Malam ya cire tabarau yana goge ido. Kaka ta kama hannun Renita ta riƙe. Ni kuwa ina can baya, tsakanin Kendrell da kwandon shara.

A nan ne wani abu ya faɗo mini. Kaka a zaune take.

Duk wanda ya girma a Horeb ya san Kaka biyu ce. Akwai ta baranda, mai gunji a maƙogwaro. Akwai ta coci, wadda in ta miƙe tsaye, ta ga benci ya cika, ta zaro farin hankicinta, muryarta hawa take yi. Ba ta neman mataki a wurin fiyano, inda zuciyarta ta kai a nan take kamawa. Ranar dawowa gida kuwa, da mutanen da ta goya suka cika cocin, sai inda ƙarfinta ya ƙare. Renita ta ji ta a coci, amma ba ta taɓa auna ta a can ba. A baranda ta auna ta, da wake a cinya.

Ba zan ɓoye ba, da farko daɗi na ji, har cikin yatsun ƙafa. Na hango Kaka a sama, yara a ƙasa, abu ya haɗu ya yi ƙara kamar an zubar da tukwane. Na hango tabarau ɗin Renita yana zamewa. Sai kuma na hango fuskar Kaka a gaban baƙinta, a ranar da ta fara yarda da ƙarfe. Daɗin ya tsinke.

Na tare Renita a bakin ƙofa. Na so in faɗa da hankali, amma bakina bai san wannan hanyar ba.

Na ce, “'Yar birni, albishirinki. Waƙarki za ta watse ranar Lahadi.”

Ta ci gaba da tafiya.

“Da gaske nake. In Kaka ta miƙe tsaye sama take tafiya. Yaranki ba za su same ta ba.”

Ta tsaya ta dube ni sama da ƙasa. “Kamar yadda ba ta son jan kaya?”

“Wancan wasa ne.”

“Da mai tarwaɗa?”

“Shi ma. Amma wannan...”

“Da kare? Lavell, ka ji da kunnenka yanzu, ta shiga daidai. Kuma zan sa mai kilarinet ya ba ta sautin farko kafin ta fara. Ka nemi wani abin.”

Na je wurin Malam. Ya ce, “Lavell, kishi ba ya maka kyau, yana sa hancinka ya buɗe.” Na je wurin Kaka na ce ta daure ta kama inda kilarinet ya ba ta. Ta ajiye dutsen guga ta ce, “Ni za a ba murya? Ɗan wa? Tun kafin a haifi uwarka nake ɗaga waƙar nan, ban taɓa aron murya ba.”

Lahadi ta zo da zafinta. Motoci masu lambar Chicago da St. Louis sun cika har bakin maƙabarta. Cikin coci huluna ne iri-iri da mafitai na kwali suna kaɗawa, ƙamshin soyayyar kaza na shigowa ta taga. Yara sun jeru a gaba cikin fararen riguna, kowa na zufa. Renita ta tsaya a gabansu. Ni ina baya kusa da Kendrell.

Fasto ya yi gabatarwa, ya kira sunan Renita har da na mahaifinta. Nawa ko a tari bai fito ba.

Mai kilarinet ya ba da sautinsa, siriri, mai ladabi. Kaka ta miƙe. Ta dubi jama'a, ta zaro hankici. Na ce a raina, shi ke nan.

“Rana ta yi nisa, Uba, ban gama shuka ba!”

Ta tafi sama. Ba kaɗan ba. Muryar ta daki rufin kwano ta dawo, wata mata a baya ta ce “Na'am, Iya!” Jama'a suka buɗe baki za su karɓa a can inda ta ajiye. Hannun Renita na sama, ya ƙi saukowa. Ta ji. Ta san in ta sauke shi yara za su shigo a ƙasa, su yi karo da cocin gaba ɗaya. Ta juyo da ido ta neme ni. Karon farko ke nan da yarinyar nan ta dube ni ba don ta harare ni ba.

Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗaga turombon na cafke sautin Kaka na ƙarshe, can sama inda ta bar shi, na riƙe da ƙarfi. Sannan na fara zuge hannu a hankali, ina gangarowa da shi, ina jan sa kamar nishin dattijon da gwiwa ke damu. Mutanen Horeb kuwa ba sa jin nishi su ƙyale shi. Suka biyo ni. Cocin gaba ɗaya ya gangaro tare da ni, huluna da mafitai, har na sauke su a kan sautin da yara suka sani. Na ɗaga wa Renita gira. Ta sauke hannu.

Yaran suka shigo. Kendrell ya riƙe dogon sautinsa, kumatu kamar za su fashe. Ban taɓa jin abu mai daɗi haka ba, kuma haushi ya kama ni da na tuna wa ta rubuta.

Layi na biyu Kaka ta sake hawa, har ta fi na farko. Na sake zuwa na ɗauko ta. Ta juyo ta yi mini wani kallo da na san ma'anarsa tun ina ƙarami: za mu haɗu a gida. Na uku ma haka. Amma a layin ƙarshe, da ta jefa, sai ta ɗan karkata kai wajena, ta riƙe sautin, tana jira. Na zo na karɓa.

Da aka tashi aka fita cin abinci ƙarƙashin itatuwa, sai ga mutane sun yi wa Renita zobe. Wata gwaggona ta Chicago ta rungume ta tana cewa, “'Yar nan, wa ya koya miki? Wannan gangarowar da kika sa kakakin ya yi, ita ta kashe ni! Kamar marigayi babanmu ya dawo!”

Kika sa. Kun ji fa. Ina tsaye da farantin takarda a hannu.

Renita ta ce, “Ba ni ba ce, Lavell ne ya...”

Gwaggo ta ce, “Ga ta da kunya kuma! Lavell, ka ga yadda ake yi? Ka riƙa koyo.”

Malam Tolliver ya zo ya dafa kafaɗata, na ce yauwa, ga mai gaskiya. Ya ce, “Renita, gobe ki rubuta wannan zugewar a takarda, kada ta ɓace.” Ya matse kafaɗar tawa kaɗan, ya wuce wurin kifi.

Renita ta matso ta ce a hankali, “Ka faɗa mini. Ban yarda ba.”

Na ce, “Rediyo ne ai. Wa ke yarda da rediyo?”

Ta yi dariya. Ashe tana da haƙora.

Sai na ji an ce, “Kai yaron nan.” Kaka ce a kan kujerarta, kek ɗin dankali a gabanta, wuƙa a hannu. Na je na tsaya ɗan nesa da inda hannunta zai kai.

Ta ce, “Wa ya aike ka cikin gurbina?”

“Kaka, kin tafi sama ne.”

“Na san inda na tafi. Na ce wa ya aike ka?”

“Ba kowa.”

Ta dube ni. Ta ce, “Duk cocin nan ba wanda ya san inda zan sauka kafin in sauka. Kakanka ne kawai, shi ma sai da ya shekara yana kuskure. Sai kuma kai yau.” Ta goge wuƙa a hankici. “Lahadin farkon wata ka zauna kusa da ni. Numfashina ba kamar da ba, layi na uku yana ba ni wuya. Kai za ka jefa shi.”

Na ce, “Da turombon?”

“Ka bar ƙarfen nan a gida. Allah bai ba ka baki don tsokana kaɗai ba.”

Na matso kusa da ita. Ita kuwa ta sunkuya ta yanka kek, ta zaro gefen da ya ɗan ƙone, ta ɗora a faranti. Na miƙa hannu.

Ta ce, “Renita, 'yata, zo ki karɓa.”

Na bi farantin da ido har ya isa. Na jira sai da gwaggo ta sake jan yarinyar da surutu, na bi ta baya na gutsure ƙonannen gefen da hannu na jefa a baki. Da zafinsa kuwa, sai da ya ƙona mini harshe. Ban tofar ba.